Afandi Ya Kai Dattawa Kuba

Ni da Lurwanu mun taɓa yi, kuma a tsakiyar kasuwa muka yi, gaban masu tumatir. Abin da ya haɗa mu bai taka kara ya karya ba. Hango shi na yi tafe, ƙirji gaba, ya ɗora kwat a kan jallabiya cikin zafin Makkan nan da ke narka tozon raƙumi, sai na ce, “Lurwanu, an tashi lafiya? Ya Rumasa'u?” Ya tsaya. Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi Larabawan da ke gefe, ya ce, “Esh tibgi, ya hajja? Ma afham.” Wai me nake so, ba ya jin abin da nake faɗa.

Na sauke kwandona. Na ce, “To bari in ɗaga murya, ko kunnen ne. Lokacin da muka taso daga Fallomi kana bin jakin ubanka, majina har haɓa, kana yi wa uwarka Zali kukan yunwa har muka ga ruwan Sawakin, da wane yare kake kukan?”

“Haba Iya Baraka,” in ji shi, da Hausa garau kamar jiya ya baro Kano, “a gaban mutane?”

Na ce, “Alhamdu lillahi, ka warke.”

Amma kada wannan ya sa wani ya raina shi. Lurwanu babban mutum ne, kuma ba sai ka wahalar da kanka wajen tambaya ba, shi da kansa zai gaya maka. Duk tudun Nakkasa, unguwarmu, daga gidajen kwano na can sama har na gindin dutse, ba wanda ya kai shi wayewa. Ya yi zaman Jidda. 'Yan baƙin ciki sun ce shayi yake kaiwa ofis-ofis a wani kamfanin jiragen ruwa, har ranar da ya tuntsurar da buta a kan cinyar wani Bature aka nuna masa ƙofa. Shi kuwa cewa yake, “Mun yi aiki da Turawa, ra'ayi ne ya bambanta.” Ya dawo mana da tabarau wanda ba ya ƙara gani, da alƙaluma jere a aljihu waɗanda ba a taɓa kama su suna rubutu ba, da akwatin rediyo, da sabon suna. Lurwanu ya rasu a Jidda, Allah ya jiƙansa. Wanda ya dawo Ridwan Afandi ne. Mutanen unguwa, da yake ba su da rowa, suka ƙara masa da nasu: Afandin Nakkasa, Na-Jidda Ba Ka Zufa. Don ko gumi na ɗiga daga haɓarsa, kwat ɗin nan ba ta sauka.

Aiki dai babu, na fari ko na baƙi. Matarsa Rumasa'u ce ke wankau a gidajen Larabawa ana ɗora tukunya, in ta dawo kuma ta hura gawayi ta goge masa kwat. Babban mutum ai ba ya rasa mai hidima.

A shekarar da rediyo ta ishe mu da zancen Kuba, wai Amurka da Rasha za su tashi duniya a kanta, Afandi ya samu abin yi. Kullum bayan la'asar sai ya fito da akwatinsa ƙofar gida, ya kafa kunne, ya girgiza kai, sannan ya tausaya wa jama'a da bayani. “Ku ba lallai ku gane ba. Kuba tsibiri ce. Tsibiri kuwa ƙasa ce da ruwa ya yi wa ƙawanya. Mu da muka zauna bakin bahar mun saba da irin waɗannan al'amura.” Wani ya tambaye shi ko tana gaba da Madina ne. Ya ce tambayar ba ta ilimi ba ce.

Ana nan, aikin Hajji ya gabato. Muɗawwifin da ke karɓar alhazan ƙasarmu ya ce yana neman Bahaushe guda da zai shugabanci ma'aikata a Arfa: masu kafa tanti, masu dafuwa, masu ɗibar ruwa, masu shara. Wanda ya samu wannan, shi ke cewa wane ya zo, wane ya zauna gida, kuma a gaban mota yake zama. Muɗawwifi bai san mu ɗaya-ɗaya ba, don haka ya bar zaɓin a hannun Malam Tsoho, dattijon unguwa. Ya ce ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, ya kawo masa mutumin har gida.

Tun ba a je ko'ina ba Afandi ya naɗa kansa. Ya fara yi wa mutane alkawarin aiki. Ya fara ce wa waɗanda suka taɓa yi masa dariya, “Za mu gani a Arfa.” Abu ɗaya ya rage, Malam Tsoho bai ce uffan ba. Afandi ya zauna ya yi tunani irin na manya, ya gano cewa abin da ke hana dattijon magana shi ne bai taɓa ganin wayewarsa da ido ba. To, zai nuna masa.

Can Ka'akiyya, bayan gari, akwai wani Balarabe Bahadrame da ake kira Ammu Salim. Ya yi ƙuruciyarsa yana kuku a jirgin ruwan da ke ɗauko sukari daga Kuba. Da ƙafa ta gaji ya dawo ya buɗe ɗan maɗa'am, wato gidan abinci, tebur kaɗan da benci. Sauran kwanaki shinkafa da nama yake sayarwa kamar kowa. Ranar Juma'a kaɗai, in an sauko daga masallaci, yake dafa irin abin da ya koyo a can, da kayan da tsofaffin abokansa na jirgi ke kawo masa ta Jidda. Nan Afandi ya zaɓa ya kai dattawa cin abinci. Sai dai shi ba bayan Juma'a yake so ba, don bayan Juma'a an riga an yanke magana. Kuma ya ga Turawan Jidda, ranar hutunsu, suna wani ci da hantsi, ba karin kumallo ba, ba abincin rana ba. Jemage ke nan, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi. Irinsa zai yi.

Bai gaya wa mai abinci tun jiya ba, don manya ba sa roƙo, umarni suke bayarwa. Da sassafen Juma'ar ya isa, ya tarar an ɗora tukunya ke nan. Ya ce manyan baƙi na tafe da hantsi, a cika babban tire, wanda ake fitarwa ran biki.

Ammu Salim ya ce, “Ya akhi, wannan ƙwayar taurin kai gare ta. Sai an sauko Juma'a take nuna.”

Afandi ya gyara tabarau. “Manyan mutane ba sa jiran tukunya. Tukunya ke jiransu. Ƙara wuta.”

Mutum uku ya gayyata, kuma ya iya zaɓe. Malam Tsoho, mai yanke magana. Isuhu Badamagare, dogo, babban masu ɗibar ruwa, wanda in ya ce e duk lebura ya ce e. Sai Mailafiya wanzami, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, an kira shi ne don labari ya zaga unguwa kafin magariba. Ta wannan fuskar kam Afandi bai yi asara ba. Daga bakin Mailafiya na ji komai, da ɗuminsa.

Sai an san Malam Tsoho kafin a gane girman abin da ya faru. Da ƙafa ya zo Makka, kuma bai zo don komai ba sai don ya zauna yana kallon Ɗakin Allah. Yana da wurinsa a Harami ranar Juma'a, can gaba, inda har baƙin nesa, Bukharawa da Jawawan da ke zama kusa, sun san shi suna matsa masa. Tun yana da baƙin gemu bai taɓa rasa wurin nan ba. Sirrin kuwa ba wani abu ba ne, kiyaye ciki ne. Ran Juma'a shayi da ɗan dabino kawai yake sha, ya yi wanka, ya yi alwala a gida, ya riƙe ta kamar ƙwai har a sallame. Ko ful, dafaffen waken nan da duk Makka ke karyawa da shi, ranar Juma'a ba ya bin layin da ake sayar da shi. Albasa da tafarnuwa kuwa tun daren Alhamis ake daina sa masa, don kada ya cuci na kusa da shi a sahu.

Ya so ya ƙi zuwa. Afandi ya durƙusa, karo na farko da aka ga gwiwar wandonsa ta taɓa ƙasa, ya ce amsa gayyata haƙƙi ne. “Kuma Malam, abincin can ba irin namu ba ne. Ba ya nauyi a ciki. Shi ya sa suke iya ƙera jirgin sama.” Malam ya ce to, zai je ya sa albarka, ya taɓa loma guda, su wuce masallaci da wuri.

Motar haya Afandi ya ɗauko, ya zauna gaba, ya fitar da gwiwar hannu ta taga yadda duk Nakkasa za ta gani. Da suka isa ya hana a shimfiɗa tabarma, ya ce kan tebur za a ci. Ya hana a kawo ruwan wanke hannu, ya ce a kawo cokula masu yatsu. Sannan ya miƙe tsaye, ya riƙe bakin kwat da hannu biyu.

“Ya jama'a, yau rana ce ta tarihi. Tun da Takari suka fara zuwa ƙasar nan, ba a taɓa samun wanda ya ɗauki 'yan'uwansa ya kai su Kuba ba, sai yau. Shugabanci ba ƙarfi ba ne. Shugabanci buɗe ido ne. Wanda zai tsaya tsakanin muɗawwifi da lebura dole ya san yadda duniya ke cin abinci. Itfaddalu.”

Ammu Salim ya shigo da tire, yana nishi, don mutum goma ma sai sun yi da gaske. Shinkafa ce tsibi guda, ta yi duhu, da wasu baƙaƙen ƙwayoyi a cikinta. Gefe ɗaya nama ne da aka yayyaga shi zare-zare cikin jar miya. Gefe ɗaya soyayyar ayaba. A tsakiya kuma wasu farare-farare suna iyo cikin mai da lemon tsami, an dandaƙa musu ɗanyar tafarnuwa kamar da gayya. Ƙamshinta ya riga tiren isowa.

Isuhu ya leƙa, ya soki fari guda da cokali, ya ɗaga. “Wanga ba rogo ba ne?”

“A ido ne yake kama da rogo,” in ji Afandi.

“A baki ma,” in ji Mailafiya yana taunawa. “Wannan kuma dambun nama ne da aka fasa soyawa. Wannan kuwa, Afandi, ko a mafarki na gan shi na san shi. Garau-garau ne ya sha rini.”

“Jahilci ciwo ne. Ka taɓa ganin baƙin wake haka? Wannan a jirgin ruwa ya zo. Ya ƙetare bahar bakwai.”

Malam Tsoho ya yi bisimilla, ya ɗebi kaɗan, ya kai baki. Ƙwayar ta yi ƙaras a ƙarƙashin 'yan haƙoran da suka rage masa. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya ajiye cokali. Wake ne. Wake ne wanda bai nuna ba, bai kuma taɓa jin labarin kanwa ba.

“Madalla, Lurwanu. Allah ya yi albarka, ya ƙara buɗi. Mun taɓa. Ku tashi mu kama hanya.”

Isuhu da Mailafiya suka fara laluben takalma.

Nan fa hankalin Afandi ya tashi. Ga tire cike. Ga Ammu Salim tsaye yana kallo. Ga wasu Larabawa biyu a teburin gefe suna shan shayi, sun juyo. A ce baƙin Ridwan Afandi sun tashi sun bar masa abinci kamar na sadakar mamaci? Sai ya tuna abin da ya sha gani a Jidda, yadda Balarabe mai karamci ke yi in baƙo ya ce ya ƙoshi. Yakan daki ƙirji ya rantse da aurensa, baƙo ya yi dariya ya ƙara loma biyu, kowa ya tashi da girmansa. Afandi ya daɗe yana neman inda zai gwada wannan. Ya daki ƙirji har alƙaluma suka yi ƙara, ya ɗaga murya yadda teburin gefe zai ji.

“Alayyaɗ-ɗalaƙ bit-talata! Matata ta saku saki uku in mu huɗun nan muka tashi da sauran ƙwaya ɗaya a tiren nan!”

Ya waiga ya ga ko Larabawan sun yaba. Sun yaba, har ɗaya ya ce masha Allah.

Amma Malam Tsoho ba ɗan Jidda ba ne. Malamin zaure ne, irin waɗanda suka karanta cewa ba a wasa da saki, wanda ya furta ya furta, ko da raha yake. Ya daɗe yana duban Afandi.

“Lurwanu, ka san abin da ka faɗa?”

“Malam, ai salon magana ne. Haka ake yi a...”

“Uku ka ce?”

“Ai don armashi ne.”

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Malam ya cire takalmin da ya fara sawa. Ya tura cokali gefe, ya naɗe hannun riga. “A kawo ruwa mu wanke hannu. Yarinyar nan marainiya ce, ni na ɗaura aurenta. Ba za ta fita daga ɗakinta a kan wake ba. Isuhu, matso. Mailafiya, gyara zama.”

Isuhu ya ce ko a kira masu wucewa su taimaka. Malam ya ce ai mu huɗun nan Lurwanu ya ce, ba a ƙara ko mage.

Mailafiya ya rantse mini bai taɓa ganin ci irin wannan ba. Ba hira, ba ɗaga kai. Dattawa uku sun sa tire a gaba kamar masu haƙar kabari, ga zufa, ga tafarnuwa na hawa ka, ga rana na ɗagawa, lokacin masallaci na ƙurewa. Malam na ci yana istigfari. Isuhu ya kwance tazuge tun ba a kai rabi ba. Afandi kuwa, wanda ya fi kowa ƙaramin ciki, tun loma ta kaɗan ya fara lumshe ido, amma bakinsa bai mutu ba.

“Ku lura da yadda ɗanɗanon ke zuwa daki-daki. Wannan shi ake kira tsari. Ƙasar da ta iya jera abinci haka...”

“Ci,” in ji Malam.

Da aka ga gindin tire, Afandi ya yi hamdala zai miƙe. Malam ya ce ya zauna. Ya sa aka karkata tiren, aka tattara man tafarnuwar da ya kwanta, aka raba huɗu, kowa ya shanye rabonsa. Ya bi gefe-gefe da yatsa. Ya sa Mailafiya ya duƙa ƙarƙashin tebur, ya tsinto ƙwayoyin da suka faɗi, aka wanke, aka miƙa wa mai rantsuwa ya haɗiye. Sannan ya kira Ammu Salim da Larabawan nan biyu ya ce su shaida tire ya koma fari. Suka shaida, suna ƙunshe dariya a cikin mayafin kansu. Ammu Salim, don ya nuna jin daɗinsa, ya kawo musu gahawar can a 'yan ƙananan kofuna, baƙa ƙirin, mai kauri, ya ce kyauta ce, tana taimaka wa ciki ya motsa. Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Hanyar Ka'akiyya a lokacin ba kwalta, duwatsu ne da ramuka. Duk inda mota ta faɗa, sai wake ya gaisa da rogo, gahawa ta shiga tsakani. Direba ya leƙo ta madubi, ya sauke gilasansa duka. Malam ya tauna kanumfari, ya goga asuwaki har dasashi ya yi ja. Tafarnuwa ta ce ina nan.

Sun isa Harami a makare, amma mutanen sahun Malam sun tsare masa wurinsa. Da ya zauna, tsohon Bukharin da suka shekara da shekaru kafaɗa da kafaɗa ya juyo zai gaishe shi, ya shaƙa, ya fasa, ya ja jiki. Wannan kaɗai ya isa ya sa dattijo kuka. To, liman na hawa mumbari ciki ya fara nasa jawabin. Malam ya daure. Ya danne. Ya karanto duk abin da ya sani. Amma abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Mutumin da ya shekara yana yi wa yara faɗa a kan ƙetare wuyan mutane ranar Juma'a, shi ne ya miƙe tsakiyar huɗuba, ya bi sahu-sahu yana ƙetarawa, yana ba da haƙuri da hannu. A wajen alwala ya tarar da Isuhu a layi. Mailafiya na ciki. Kafin su gama su sake alwala, an cika har ƙofa. A waje Malam Tsoho ya yi sallar Juma'ar nan, kan dutse mai zafi, tsakanin takalman mutane, Ɗakin Allah ko a hange babu.

Afandi ya fi su juriya, a ba shi haƙƙinsa. Shi ya ce ya kai har sallama. Waɗanda suka yi sahu da shi suna da wata ruwayar.

Da aka watse, Malam ya nufi gidan muɗawwifi, don alkawari alkawari ne. Yana tafe yana dafa bango. Afandi ya biyo shi a baya, ya gyara kwat, ya goge tabarau. A bakin ƙofa Malam ya ce, “Koma gida, Lurwanu.” Afandi ya ɗauka irin kawaicin dattawa ne, kada a yabe shi a gabansa. Ya riga Malam shiga.

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Majalisa cike da baƙi, an shimfiɗa darduma, ana zuba shayi. Afandi ya wuce kowa, ya kama muɗawwifi ya rungume, ya sumbaci kunci na dama, ya koma na hagu, ya sake dawowa na dama, yana huro masa gaisuwa a hanci. “Ahlan, ahlan! Hayyakallah, ya sheikh! Ridwan Afandi, hadiminka!” Muɗawwifi mutum ne mai ladabi. Idonsa ne kawai ya kawo ruwa, ya ɗaga hannu a kawo turaren wuta, ya ce a ƙara, ya sa aka ajiye kaskon tsakaninsa da baƙon.

Afandi ya ɗauka karramawa ce. Ya jawo hayaƙin da hannu ya shafa a gemu, ya fara bayanin yadda zai tsara Arfa daki-daki, irin tsarin ƙasashen da suka ci gaba. Yana tsaka da tsarin sai ya yi shiru. Ya gyara zama. Ya sake gyarawa. Ya nemi izini da murya ƙasa-ƙasa, aka nuna masa hanya, ya fita da wani irin taku na manya, gajere-gajere, mai sauri.

Muɗawwifi ya dubi Malam. “Shi ne wannan?”

Malam ya ce, “A'a. Wannan wanda ya ciyar da mu ne. Mutumin da zai jingina aurensa a kan tiren wake, ba zan jingina masa cikin alhazai ba. Akwai Dawuda mai ɗinkin tanti, gobe zan kawo shi.”

Kafin Afandi ya dawo an sha fatiha.

Kwana biyu ba a ga rediyo a ƙofar gida ba. Da ta fito, bayani ya fito tare da ita. Ashe shi ne ya ƙi aikin, don ya lura muɗawwifin ba shi da tsari. Abincin kuwa lafiyarsa lau, cikin da bai saba da wayewa ba ne ya kasa ɗauka. Malam Tsoho dai, saboda tausayin Rumasa'u, ya roƙi Dawuda ya nema wa mijinta ko mene ne. Dawuda ya duba, duk an raba, saura wuri ɗaya da ba mai so: tsaron butoci a bakin makewayin tantuna.

A can na same shi ranar Arfa. Ina cikin masu dafuwa, na zagaya neman buta. Ga shi tsaye cikin rana, kwat a jiki, alƙaluma a jere, butoci a gabansa sahu-sahu kamar ɗalibai, yana nuna wa alhazai layi da yatsa.

“Iya Baraka,” in ji shi, “kin gan mu. An ga ba wanda zai iya riƙe wannan sashe sai mai ilimin tsari. Mudirin Ruwa da Tsafta.”

Na ce, “Sun iya zaɓe. Duk Makka ba wanda ya kai ka iya turo mutane nan wurin.”

Ya yi kamar bai ji ba. Ya kumbura, ya gyara tabarau. “Ku dai ku yi ta surutu. Tarihi zai faɗa. Tun da aka kafa Nakkasa, wa aka taɓa yi wa walima aka suɗe tire har da na ƙarƙashin tebur? Wannan ita ce daraja. Baɗi ma zan sake shiryawa, wadda ta fi ta bana.”

Na zaɓi buta mai ruwa, na ɗauka.

Na ce, “Shirya, ɗan nan, amma ka bar rantsuwa a gida. Rumasa'u ta riga ta aika wa Malam Tsoho. Ta ce ta gode da wahalar da ya sha, amma in an kuma, don girman Allah ya rage loma ɗaya.”